Kicin Ɗin Mama, Awon Dogo

Shafi na 12

Masu turo saƙo cewa na yi shiru kwana biyar, na gani. Wayata lafiyarta ƙalau. Raina ne a ɓace. Ga shi nan.

Asabar ce, wata uku cif da tarewarmu a sabon gidan da Yaya ya matsa aka saya bayan an sayar da gidan marigayi Baba. Ƙarfe tara na goya Mama a babur na kai ta inda nake kai ta kullum, na dawo na miƙe a falo.

Wajen goma da rabi aka buga get.

Yaya ne, da kafintan da ya yi mana aikin kicin. A tasi suka zo. Tun da Yaya ya sayar da motarsa ya zuba a kicin ɗin nan, a tasi yake yawo, kuma duk wanda ya tambaye shi motar sai ya buɗe waya ya nuna masa hoton kabad.

Ya ce kafinta zai ɗauki hotunan aikin ya riƙa nuna wa masu son irinsa. Shi kuma zai tafi da tukunyar gas ya ciko, don ya lissafa yanzu ta kusa ƙarewa. Ya tambayi Mama. Na ce ta fita unguwa.

Suka shiga kicin, na tsaya a bakin ƙofa.

Kicin ɗin dai kun san shi. Tayil fari har rufi. Kabad sama da ƙasa. Kanta ta baƙin dutse mai ƙyalli, murhun gas mai kai huɗu a zaune a kanta. Yaya ya shafa dutsen da tafin hannu, ya duba hannun, ya yi murmushi. Ya ce wa kafinta ya ga yadda tsohuwa take ji da wurin, ko ɗigon mai babu.

Ya buɗe kabad ɗin ƙasa ya kama tukunyar gas da hannu ɗaya. Ba ta taso ba. Ya sa hannu biyu, ya ɗaga da ƙyar, ya girgiza ta kusa da kunne.

"Dogo, wa ya cika wannan?"

Na ce babu wanda ya cika.

"Wata uku?"

Na ce wataƙila gas ɗin mai auki ne.

Ya ajiye ta a hankali. Na san wannan ajiyewar. Haka yake ajiye abu idan yana son jefa shi.

Ya fara jan durowa ɗaya bayan ɗaya. Cokulan da matarsa ta sayo suna nan a ledarsu. Tukwanen suna nan a jere, takardar kanti a manne a gindinsu. Ya leƙa wurin wanke-wanke, busasshe kamar ba a taɓa haɗa masa famfo ba. Ya juyo ya tambaye ni, to abincin da yake ci duk ranar da ya biyo da yamma, daga ina yake fitowa? Hannun Mama ne, shi ba za a ruɗe shi da wannan ba.

Na ce hannunta ne.

Ya ce a ina.

Na ce a kula yake zuwa.

Ya ce ba mazubin ya tambaye ni ba.

Na iya shiru. Shi kaɗai ne abin da gidanmu suka yarda na iya.

Kafinta bai san wainar da ake toyawa ba. Yana can yana ɗaukar hoto, yana yabon kansa. Ya ja da baya don ya samu kantar duka a cikin waya, sai ya yi dariya ya ce, gaskiya shi yana son ganin Hajiyar gidan nan ido da ido. Shekara ashirin da biyu yana aiki, bai taɓa yi wa mace kanta mai tsayi haka ba. Har yaran shagonsa sun yi gardama ko 'yar ƙwallon kwando ce.

Yaya ya kalle shi.

"Mama? Mama ko kafaɗata ba ta kai ba."

Kafinta ya sauke waya. Ya ce a'a, ranka ya daɗe, shi ba ya aiki da ka. Ya zaro wani littafi duk ya lanƙwashe daga aljihun baya, ya lashi yatsa, ya buɗe. Ya ce ga shi nan, ya nemi a auno masa daga ƙasa zuwa gwiwar hannun mai girkin, don a nan ake sanin inda kanta za ta tsaya. An turo masa inci arba'in da bakwai. Ya cire huɗu kamar yadda ake yi, ya yanka.

Yaya ya ce a ba shi tef.

Kafinta ya miƙa masa. Yaya ya tako har inda nake, ya durƙusa, ya taka bakin tef ɗin da takalmi, ya ja shi sama. Ya ce in lanƙwasa hannu.

Na lanƙwasa.

Arba'in da bakwai. Ko rabin inci bai ƙaru ba.

To, tun da ta fashe, bari ku ma ku ji. Ban taɓa rubuta wannan a shafukan baya ba.

Ranar da kafinta ya nemi awon, Yaya ya kira ni daga ofis ya ce in sayi tef in auna Mama. Na saya. Na same ta tana yanka albasa a tsohon gida. Tana ganin tef ɗin ta ɗaga ludayi. Tun ranar da ta ga an auna Baba a kwance za a yanko likkafani, Mama ba ta yarda abin awo ya taɓa jikinta. Ko tela tsohuwar riga take aika masa. Kowa a gidan ya san haka. Yaya ma ya sani, ya manta ne, kamar yadda yake manta duk abin da ba a rubuce yake ba. Ta ce min in ina son aunata in jira, ranar tana zuwa, ba sai na yi gaggawa ba.

Na kira Yaya sau uku. Ya kashe sau uku. Sai saƙo ya shigo: yana taro, in yi abin da ya sa ni kawai, kada in cika shi da surutu.

Na jingina da bango na auna tawa. Na tura.

A raina na ce gwiwar hannu ai gwiwar hannu ce. Na ɗauka kafinta zai rage da kansa. Na ɗauka abin ba wani abu ba ne. Na ɗauka abubuwa da yawa.

Yaya yana durƙushe har yanzu, tef a hannu. Ya ɗago kai ya ce, wato motarsa ya sayar ya gina wa raƙumi kicin. Ya ce tun da na gama sakandare bai taɓa sa ni aiki na yi shi daidai ba, ko ruwa aka ce in ɗebo sai na dawo da bokitin wani. Ya ce awo ɗaya. Awo ɗaya tak.

Na ce na kira shi sau uku.

Ya ce in rufe masa baki.

Kafinta ya yi gyaran murya. Ya ce ba wai yana shiga tsakanin 'yan'uwa ba ne, amma don kada a ɗora masa, shi ma fa ya kira. Da ya ga lambar ta yi masa yawa, ya buga wa ranka ya daɗe ya ce anya kuwa. Ranka ya daɗe ya ce masa ya yi abin da aka turo, ba shi zai koya masa tsayin uwarsa ba.



Ban yi dariya ba. Amma na so.

Yaya ya miƙe ya tambayi kafinta ko za a iya sauke kantar. Kafinta ya sosa ƙeya. Ya ce dutsen an yanka shi an manne. Tayil an jera shi daidai bakin dutsen. Bututun ruwa da na gas a wannan tsayin aka huda musu bango. In za a sauke, sai dai a farfasa komai a koma farko. Ko kuma a yi mata ɗan dandamali na katako ta riƙa hawa.

Yana faɗin haka idonsa ya kai bayan ƙofa. Ya jawo wata kujera 'yar tsuguno, ƙafa ɗaya a karye. Ya juya ta, ya duba ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin murhu, inda fenti ya goge a tsaye kamar an ja ƙarfe. Ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta, ya ce shi yana da wani aiki a gaba.

Bayan ya fita, Yaya ya daɗe yana kallon kujerar.

"Ina take?"

Na ce ta sa na yi mata alkawari.

"Dogo. Ina uwata take?"

Na ɗauko makullin babur.

Tafiyar minti ashirin ce. Yaya yana bayana. Sai da muka sha kwanar mai faci, muka wuce famfon da muke layi a kansa muna yara, na ji hannunsa ya matse min kafaɗa. Ya gane.

Tsohon gidanmu. Wata malama ce ta saya, tsohuwar shugabar makaranta da ta yi ritaya, ita kaɗai take zaune. Ba ta canza komai ba sai fentin ƙofa.

Tun daga soro muka ji ƙamshi, muka ji dariyar Mama. Wata uku ban ji ta yi irin wannan dariyar a sabon gida ba.

Tana zaune a kicin ɗinta na dā, a kan kujera, tukunya a kan kurfoti a gabanta. Gishiri a hannun dama, ludayi a hagu, kwanuka a kan 'yar kantar siminti da ko gwiwata ba ta kai ba. Baba ne ya gina wannan kicin ɗin da hannunsa. Bai auna ta da komai ba. Zaunar da ita ya yi a tsakiyar fili ya ce ta miƙa hannu duk inda take so, yana bin yatsanta da gawayi yana zana. Inda hannunta ya tsaya, nan ya sa kanta. Shekara talatin tana girki a nan ba ta taɓa miƙewa neman cokali ba.

Malama tana gefe tana tsince shinkafa. Da ta ga fuskar Yaya, ta ɗauki tirenta ta ce bari ta duba wanki.

Mama ta kalle ni. Kallo ɗaya. Na sunkuyar da kai.

Yaya ya gaishe ta a tsaye, sai ya tuna ya durƙusa. Ya ce, Mama, a gidan mutane? Ya ce me za a ce da shi a unguwar nan, ya ɗauke uwarsa ya kai ta gida mai tayil, ta dawo tana roƙon murhu a gidan da ta sayar.

Ta ce ba roƙo take ba. Ita take dafawa, Malama take sayo kayan miya, su raba biyu. Kowa ya huta.

Ya ce me ya hana ta faɗa masa.

Ta ce ta ga yadda yake shigowa yana shafa dutsen nan kamar kan jariri. Ta ga ya dawo hawa tasi. Da wane bakin za ta ce masa in ta tsaya a gaban murhun, bakin tukunya a saitin goshinta yake?

Ta miƙa hannu za ta ɗauki murfi, mayafinta ya zame.

Tabon yana nan daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Ya warke, amma fatar ta yi fari ta tattare.

Yaya ya kama hannun. Ta fizge, ya sake kamawa.

Ni na ba shi labarin, don ita ba za ta bayar ba. Sati na biyu da tarewa. Ta taka kujerar don ta ga cikin tukunya, ƙafar kujerar ta karye a kan tayil, miyar ta biyo ta. Ni na kai ta kemis. Kwana goma sha biyu ina kai ta wankin ciwo. A lokacin ne duk zuwan da ya yi yake samunta da babban mayafi a cikin gida, har yana tsokanarta wai ta zama matar manya.

Ya saki hannun. Ya juyo kaina. Na ga jijiyar wuyansa.

"Ka san awon wa ya tura, Mama? Ka san abin da ɗan nan ya yi miki?"

Har ya rikice yana ce mata ka.

Mama ta juya miyarta.

"Ni na haife shi. Ranar farko da na ga kantar nan na san gwiwar hannun wa aka auna."

Ban san ta sani ba. Wata uku ina goya ta a baya ina tunanin yadda zan faɗa mata, ashe tana kallon ƙeyata tana sane.

Ta ce ta yi shiru ne don ba ta son a ce dutse ya raba mata 'ya'ya. Ta ce ɗaya ya auna kansa, ɗayan kuma aka tambaye shi ya ƙi saurare, to wa za ta kama? Dukanmu tsayin ubanmu muka ɗauko, amma ba mu ɗauko tambayarsa ba.

Yaya ya ce shi kenan, ya ji. Gobe-gobe zai sa a farfasa kicin ɗin. Dutsen, tayil ɗin, komai. Za a zaunar da ita a tsakiya da gawayi kamar yadda Baba ya yi. Ko me zai ci, zai yi.

Ta ce kada ya fasa komai.

Ya ce sai ya fasa.

Ta ce ba kicin ɗin ba ne kaɗai. Ta ce tun da ta shiga sabon gidan nan, mutum nawa suka yi mata sallama? Katanga ta fi bishiya tsayi. Tagar ɗakinta bangon maƙwabci take kallo, maƙwabcin da har yau ba ta san ko mace ce ko namiji ba. In ta yi tari da safe, tarin ne yake amsa mata. Ta ce laifinta ne, ita ta sa hannu a takardar sayarwa, babu wanda ya riƙe mata yatsa. Ya ce mata can babu ambaliya, can kusa da ofishinsa ne, ta ga yana ɗoki, ta ce to. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ta san nata yoyon, ta san inda take ajiye masa kwano. Ta bar shi ta tafi inda babu yoyo kuma babu kowa.

Yaya ya ce gida dai an riga an sayar. An sayi wani. Bakin alƙalami ya bushe. Ya ce ta sauke tukunyar mu tafi, a yi maganar a gida.

Ta ce a wane gidan.

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro makulli ƙarami mai jan zare. Na san makullin. Na ɗakin baya ne, inda nake kwana kafin mu tashi.

Muka bi ta. Ta buɗe.

Katifa sabuwa a ƙasa. Labulenta mai furanni a taga. Zannuwanta a ninke a kan akwati. Rediyon Baba. Dardumarta, carbinta a kai. Kwalbar man zafin da take shafa wa gwiwa. Har agogon bangon da na yi sati ina nema a sabon gida, tana ce min wataƙila a wajen kwashe kaya ya ɓata.

Ta ce Malama ta ba ta hayar ɗakin. Tun watan jiya.

"Haya?" in ji Yaya. "A gidan da Baba ya gina?"

Ta ce ai gara haya inda hannunta yake kaiwa.

Ni kuwa ina tsaye ina kallon kayan. Kullum da safe akwai jakar da take ɗora min a kan tankin babur. Wata rana mai nauyi, wata rana marar nauyi. Na ɗauka kwanuka ne da kula. In mun dawo da yamma kular ce kawai a ciki, ban taɓa lura ba.

Yaya ya juyo a hankali.

"Kai ka kwaso mata kayan nan?"

Kafin in buɗe baki Mama ta amsa.

"Shi ya kwaso. Bai sani ba. Sati biyar yana ɗauka, ko sau ɗaya bai ce Mama mene ne a ciki ba."

Ta shiga ɗakin ta zauna a bakin katifa, ta cire takalmi ta jera su a gefen ƙofa. Ta ce jakar yau ita ce ta ƙarshe. Ta ce in an sauke abinci mu ci, in kai wa matar Yaya nata a kula, ita Mama dai ta iso gida.

Yaya ya tsaya a ƙofar, hannu ɗaya a kan katako. Daga kicin miyar ta fara kamawa, ƙaurin ya taso, babu wanda ya je.

Ba tare da ya kalle ni ba ya ce, "Dogo, je ka tada babur. Ka ɗauko ta mu tafi gida."

Mama ta miƙo tafin hannunta, wanda yake da tabon.

"Dogo, kawo makullin babur ɗin nan."

Makullin yana hannuna. Su biyun suna kallona.